Yadda Za Ka Shiga Ƙungiyoyin Jami'a Ba Tare da Karatunka Ya Sha Ƙasa Ba

Makonnin farko a jami'a su ne lokacin da aka fi farautar sabon ɗalibi. Ko'ina ka bi akwai tebur da takarda da biro, akwai mai fara'a yana cewa rubuta sunanka da lambar wayarka. Kafin wata ya ƙare sai ka tsinci kanka a zaurukan WhatsApp fiye da goma, ka biya kuɗin rajista a wurare huɗu, ba ka kuma san ranar taron ko ɗaya daga cikinsu ba. A ɗaya gefen akwai ɗalibin da aka ja wa kunne tun daga gida cewa karatu ya kai shi, don haka ya haddace hanya uku: aji, laburare, ɗaki. Shi ma zai fita da takardar shaida, amma ranar da aka ce ya tsaya gaban mutum ashirin ya yi bayanin minti biyar, sai murya ta maƙale, gumi ya karyo.

Dukansu biyun sun yi asara. Hanyar da nake ganin ta fi ita ce ka zaɓi abu kaɗan, biyu sun isa, ka riƙe su riƙon gaske har a san ka da su, karatunka kuma yana nan daram. Duk inda na ce "ka" a nan, da ke ma nake, 'yar'uwa ɗaliba.

Mataki na farko: lissafa awanninka kafin ka sa hannu a ko'ina

Mako yana da awa 168. Ɗauki takarda ka fara cirewa. Barci tukuna: likitoci sun ce baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai kowane dare, mu ce takwas don lissafi ya zo da sauƙi, awa 56 ke nan. Sai karatu, kuma a nan ne sababbin ɗalibai ke yaudarar kansu. Suna duba jadawalin lakca su ga awa goma sha biyar ko sha takwas a mako, sai su ɗauka sauran lokacin kyauta ne. A jami'o'in Amurka ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana jan awa biyu na nazari a waje. A Turai kuwa, tsarin makinsu na ECTS ya ɗauki shekarar karatu a matsayin maki 60, kowane maki aikin awa 25 zuwa 30, wato awa 1,500 zuwa 1,800 a shekara. Ta duk inda ka biyo, lissafin zai kai ka ga awa 40 zuwa 45 a mako, ko ma fiye. Aikin cikakken ma'aikaci ke nan, bambancin kawai babu mai tsaya maka a ka.

Cire 45. Cire wasu 25 na cin abinci, wanka, wanki, ibada da zirga-zirga. Saura awa 42, kuma a cikinsu hutu yake, da hira, da ziyara, da waya. Buɗe wayarka ka duba inda take nuna awannin da ka shafe kana kallonta a makon jiya. Yawanci a nan ɓarawon yake.

Shawarata ga ɗan shekarar farko ita ce ya ware awa shida zuwa takwas a mako don harkokin wajen aji, kada ya wuce haka sai ya ga sakamakon zangon farko. Wanda ke haɗa karatu da aiki, ko mai iyali, ko mai zuwa daga nesa kullum, awa biyu ko uku ma sun wadatar, amma ya nemi abin da ke da tsayayyen lokaci, wanda ba a kiran taron gaggawa da dare.

Mataki na biyu: san abin da ke akwai

Mafi kusa da kai ita ce ƙungiyar sashenku ko ta tsangayarku. Mutane na raina ta saboda a bakin ƙofa take, alhali a nan ne 'yan ajin gaba suke, waɗanda suka san kwas ɗin da ke kayar da mutane, da littafin da ya kamata a fara nema, da yadda kowane malami ke son a amsa masa tambaya. Wasu fannonin ma suna da hanyar da ta fita daga harabar jami'a ta kai ga duniya. Ɗaliban likitanci suna da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, IFMSA, tun 1951. IAESTE, wadda aka kafa a Landan a 1948, tana tura ɗaliban kimiyya da injiniya koyon aiki a wasu ƙasashe. 'Yan shari'a suna da gasar Jessup, wadda ta faro a 1960, inda ake ƙirƙiro rikici tsakanin ƙasashe biyu na ƙage, ɗalibai su yi ta kare kowane ɓangare tamkar a gaban kotun ƙasa da ƙasa. Masu karatun kwamfuta suna da gasar ICPC: mutum uku, kwamfuta ɗaya, awa biyar, da tarin matsaloli. Wanda ya taɓa zama a wannan tebur ya san cewa iya rubuta manhaja daban, iya haƙuri da abokin aiki lokacin da agogo ke gudu daban.

Sai muhawara, wadda a ganina ita ce ta fi kowace biyan wahalar mai yin ta. Tsohuwar al'ada ce a jami'o'i: ƙungiyar muhawara ta Cambridge an kafa ta a 1815, ta Oxford a 1823, gasar jami'o'in duniya kuma an fara ta a Glasgow a 1981. Tsarin da ake bi a wannan gasa ya isa ya nuna maka abin da ake koya. Ana ba da maudu'i minti goma sha biyar kafin a fara. Ƙungiya huɗu ce, kowace mai mutum biyu, biyu na goyon baya, biyu na adawa, kuma ba kai ke zaɓar ɓangarenka ba. Kowa zai yi magana minti bakwai, abokan hamayya na miƙewa suna neman jefa masa tambaya. Ɗalibin da ya yi shekara yana wannan zai saba da kare ra'ayin da ba nasa ba, zai saba da a ƙaryata shi a bainar jama'a bai fusata ba, zai kuma koyi tsara magana ta fito da kai da ƙafa. Babu fannin da wannan ba ya yi wa amfani. Kusa da muhawara akwai taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowane ɗalibi ke wakiltar wata ƙasa, da kuma rassan Toastmasters, ƙungiyar koyon jawabi da ta samo asali a 1924, wadda ta fi dacewa da mai jin kunyar magana domin a hankali ake ɗora mutum.

Akwai na hidimar jama'a: Red Cross da Red Crescent masu koyar da agajin gaggawa, Rotaract, reshen matasa na ƙungiyar hidima ta Rotary, da aka fara a 1968, AIESEC ta 1948 mai musayar matasa tsakanin ƙasashe, Enactus wadda ta fara da sunan SIFE a 1975 kafin ta sauya suna a 2012, mai sa ɗalibai su gina ƙananan sana'o'i da ke magance wata matsala a cikin al'umma. Akwai kuma waɗanda ba su da suna a duniya amma suna aiki fiye da masu sunan, kamar ɗalibai goma da ke koyar da yara karatu kowace Asabar.

Wasanni kuwa ba sai ka zama gwani ba. Gwanaye suna da gasarsu ta jami'o'in duniya, wadda aka fara a Turin ta Italiya a 1959. Kai abin da ya shafe ka shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Atisaye sau uku a mako, in kowane ya kai minti 50, ya biya wannan. Ragowar su ne wasan kwaikwayo, jaridar ɗalibai, rediyon jami'a, ɗaukar hoto, ƙungiyoyin addini, na 'yan yanki ɗaya, da babbar ƙungiyar ɗalibai mai zaɓe da siyasa.

Ba duka waɗannan za ka tarar a jami'arku ba. Kuma babban suna ba ya nufin reshen da ke wurinku yana da rai, abin da ya kawo mu mataki na gaba ke nan.

Mataki na uku: je ka gani kafin ka biya

Gani ya kori ji. Ware makonni uku na farko don yawon buɗe ido. Zaɓi ƙungiya huɗu ko biyar, ka halarci taron kowace sau biyu, ka zauna a baya ka lura. Taron farko ba ya nuna komai, domin an yi masa kwalliya saboda baƙi. Na biyu shi ne na gaskiya. An fara a kan lokaci? Mutum nawa suka dawo? Wa ke magana, shugaba shi kaɗai ko har da 'yan ƙasa? Akwai wanda ya tambayi sunanka, ya kuma tuna shi?

Bayan an tashi, tare ɗaya daga cikin shugabannin ka yi masa tambaya guda: "Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ni sabo ne. Me kuka yi a zangon da ya wuce?" Saurari amsar da kyau. Wani zai gyara tsayuwa ya ce, "Ai bana muna da manyan tsare-tsare, akwai manyan mutane da za mu gayyato." Wannan bai amsa maka ba. Wata kuwa za ta zaro waya ta ce, "Mun je koyar da yara lissafi sau tara, ga hotunan. Biyu ba mu samu zuwa ba saboda mota, shi ya sa muke neman wanda zai riƙe mana harkar sufuri." Wannan ita ce ƙungiya mai rai. Ta faɗi abin da aka yi, ta faɗi inda aka gaza, har ta nuna maka gurbin da za ka shiga.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Ƙungiyar na da rajista da ofishin kula da harkokin ɗalibai? Wane malami ne ke sa mata ido? Yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe? Kuɗin da mambobi ke biya, ina ake karanta lissafinsa? Wanda ransa ya ɓaci don ka tambayi lissafi ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na huɗu: zaɓi biyu

Ɗaya ta kasance mai wasa maka ƙwarewa, wato wadda za ta koya maka abin da aji ba zai koya maka ba: magana, rubutu, jagoranci, sarrafa kuɗi, aikin hannu na fanninka. Ɗayar kuma ta kasance wadda kake zuwa don ranka na so, ko ƙwallo ce, ko zane, ko majalisin addini, ko hidima. Kada ka raina ta biyun. Tun 1975 masanin ilimi Vincent Tinto ya yi bayanin cewa barin jami'a ba daga faɗuwa jarrabawa kaɗai yake zuwa ba, har da rashin jin cewa mutum na da wuri a cikin jama'ar makarantar. Ɗalibin da ke da inda za a tambaya in bai zo ba ya fi jure wahalar zango mai tsanani.

Abu ɗaya nake so ka kiyaye: aƙalla ɗaya daga cikin biyun ta haɗa ka da mutanen da ba irinka ba, 'yan wata tsangaya, masu wani harshe, masu wata fahimta. Zama da naka yana da daɗi, kuma a watan farko yana rage kewar gida. Amma in ka shekara huɗu ba ka fita daga cikinsu ba, ka zo jami'a ka koma ba ka ga rabinta ba.

Mataki na biyar: karɓi ƙaramin aiki, ka gama shi

Katin zama mamba ba ya koya wa kowa komai. Alexander Astin, malami a Jami'ar California da ke Los Angeles, ya rubuta a 1984 cewa abin da ɗalibi ke samu a jami'a yana tafiya ne da yawan ƙarfin jiki da na tunani da ya zuba a ciki. Don haka a wata na biyu, ɗaga hannu. Kada ka nemi muƙami, nemi aiki: rubuta bayanin taro, jera kujeru, riƙe rajistar mahalarta, ɗaukar hoto, tura saƙon tunatarwa. Ka tambayi wa'adi, ka kawo kafin wa'adin. In ka ga ba za ka iya ba, faɗa da wuri, tun ana iya ba wani. Shiru da kashe waya shi ne abin da ba a yafewa.

Kowace ƙungiya, komai yawan mambobinta, mutum biyar ko shida ne ke ɗauke da ita. Sau uku kawai za ka cika alkawari su gane ka, daga nan kuma ƙofofi ke buɗewa: a tafi da kai gasa, a haɗa ka da malamin da ke kula da ƙungiyar, a tuna da kai in an ji labarin tallafin karatu. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin guraben aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama fiye da aminansa, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Ɗan ajin ƙarshen da kuka jera kujeru tare bana, nan da shekara uku yana wani ofis, kuma abin da zai tuna game da kai shi ne ko kana zuwa a kan lokaci.

Mataki na shida: shirya taro guda daga farko har ƙarshe

In akwai abu ɗaya da zan so kowane ɗalibi ya yi kafin ya gama jami'a, wannan ne. Ba sai babba ba. Lacca ta mutum hamsin, gasar kacici-kacici tsakanin sassa, ko ranar ba da gudummawar jini tare da asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka fara mako shida kafin ranar.

Ana saura mako shida, rubuta a jimla ɗaya abin da taron zai cim ma da waɗanda aka yi shi dominsu. In jimlar ta ƙi rubutuwa, taron bai nuna ba tukuna. Duba kalandar jami'a don kada ranar ta faɗa cikin makon gwaji ko ta ci karo da wani babban taro. Raba aiki da suna: wane ne mai ɗakin taro, wace ce mai baƙo, wa ke riƙe da kuɗi, wa ke talla. Aikin da aka ce "kwamiti zai yi" babu mai yin sa.

Ana saura mako biyar, kai takardar neman izini da ta neman ɗakin taro. Ta zama gajera: sunan ƙungiya, abin da za a yi, rana da lokacin farawa da na tashi, adadin mutanen da ake sa rai, sunan baƙo, sa hannun shugaba da na malamin ƙungiya. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka. Bayan kwana uku ka koma da kanka, ka gaida ma'aikacin ofis da ladabi: "Ranka ya daɗe, na zo bin sawun takardarmu ne." Takardar da ba a bi sawunta ba tana iya kwana a tire har ranar taron ta wuce.

Ana saura mako huɗu, gayyaci baƙo a rubuce, ka faɗa masa maudu'i, minti nawa zai yi, su wa zai tarar. A lokaci guda ka tanadi wani na kusa, ko malami ko ɗalibin digiri na biyu, wanda zai iya tsayawa in baƙon ya ba da uzuri da safe. Wannan na faruwa fiye da yadda kake zato. Rubuta kasafi, ka ƙara kashi goma cikin ɗari don abin da ba a tsammani.

Talla ta fara mako biyu kafin ranar. Fosta da saƙon waya suna da amfaninsu, amma abin da ke cika ɗaki shi ne a shiga aji kafin malami ya zo a yi sanarwar minti ɗaya, da kuma kowane mamba ya ɗauki alkawarin zuwa da mutum biyu.

Ana gobe taro, je ɗakin da ƙafarka. Nemo mai riƙe da makulli, ka karɓi lambarsa, ka san ƙarfe nawa zai buɗe. Kunna lasifika ka yi magana a makirfo daga gaba, wani ya tsaya a kujerar ƙarshe ya ce maka ko yana ji. Jona majigi da ainihin kwamfutar da za a yi aiki da ita, domin sau da yawa bakin wayar ba ya shiga, kuma gara ka gano haka yau da ka gano gobe mutum hamsin na kallonka. Ƙirga kujeru. Tanadi doguwar wayar wuta da batirin makirfo. Ranar taron, sa mutum guda a layin gaba da takarda mai rubutun "saura minti biyar", kuma a fara a kan lokaci ko da mutum goma ne a zaune. Waɗanda suka makara za su koyi darasi don taro na gaba.

Aikin bai ƙare da tafi ba. A mayar da ɗakin yadda aka same shi. Cikin kwana biyu a aika wa baƙo da ofishin da ya ba da izini saƙon godiya. Cikin mako guda a rubuta rahoton shafi ɗaya: mutum nawa suka zo, nawa aka kashe, me ya tafi daidai, me za a gyara.

Mataki na bakwai: muƙami, in lokacinsa ya yi

Shekara ta biyu ko ta uku ita ce ta muƙami. Ta farko ba ka san wurin ba, ta ƙarshe kuma kundin bincikenka na jiranka. Kowa shugaba yake hange, amma sakatare da ma'aji sun fi koyon aiki, kuma ba a cika yi musu rububi ba. Kafin ka tsaya, karanta kundin tsarin ƙungiyar, ka kuma duba ko jami'a ta gindaya mafi ƙarancin maki ga masu takara, domin da yawa suna yin haka.

In kuɗi ya biyo ta hannunka, ga ƙa'idoji da ba a sassautawa. Kuɗin ƙungiya ba ya kwana a asusunka na kanka. Fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Kowane sayayya da rasit, a ɗauki hotonsa nan take kafin tawadar ta goge. A karanta lissafi a gaban mambobi aƙalla sau ɗaya a zango, ko ba wanda ya nema. Kada ka ranci kuɗin ƙungiya da niyyar mayarwa, ko na kwana ɗaya ne. Yawancin ɗaliban da sunansu ya ɓaci a kan kuɗi ba da niyyar sata suka fara ba, da rance suka fara.

Siyasar babbar ƙungiyar ɗalibai makaranta ce mai kyau ga wanda ya shiga da idonsa biyu. Amma ka san wa ke biyan kuɗin fostarka, da abin da zai nema bayan ka ci.

Mataki na takwas: lokacin jarrabawa, da alamun ka ɗauki kaya fiye da ƙarfinka

Mako uku kafin jarrabawa ka janye daga komai sai motsa jiki. Faɗa wa shugabanninka tun farkon zango don kada ya zo musu ba-zata. Ƙungiyar kirki ma da kanta take rufe harkoki a wannan lokaci.

Tsakiyar zango kuma ka riƙa auna kanka. Ka fara fashin lakca saboda taro? Jinga ta fara zama aikin daren ƙarshe? Barcinka ya koma awa huɗu ko biyar? Makin gwajinka ya sauka a kwas biyu? In biyu daga cikin waɗannan sun tabbata, ajiye ƙungiya ɗaya har zango ya ƙare. Babu ma'aikatar da za ta karɓi tarin takardun yabo a madadin digirin da ba a kammala ba. In kuma abin ya wuce gajiya, ya zama ƙunci da rashin son ganin kowa na makonni, nemi sashen ba da shawara ko asibitin jami'a, don haka aka buɗe su.

Inda ba a shiga ko da wasa

Duk ƙungiyar da ba ta da rajista, take taro a ɓoye, take neman rantsuwar rufe baki, ko take yi maka alkawarin "kariya", ka yi nesa da ita tun gayyatar farko. Haka duk wadda ke gwada sababbin mambobi da duka, wulaƙanci, tilasta shan wani abu ko hana barci. Wannan al'ada ta ci rayukan ɗalibai a ƙasashe da dama, har ta kai Amurka ta kafa dokar tarayya a ƙarshen 2024 da ke tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka. Akwai kuma masu fakewa da sunan ƙungiya suna tallan jarin da sai ka kawo mutum uku kafin ka ci riba. In an matsa maka, kada ka tsaya jayayya kai kaɗai. Ka ce ba ka da sha'awa, ka bar wurin, ka sanar da ofishin harkokin ɗalibai ko jami'an tsaron makaranta da wani babba da ka yarda da shi. Ɗaliba kuma da wani shugaba ya mayar da muƙaminsa hanyar takura mata, ta adana saƙonnin, ta kai ƙara. Ba ita ce da abin kunya ba.

Mataki na ƙarshe: rubuta abin da ka yi, ka miƙa wa na baya

Buɗe fayil guda tun shekarar farko. Duk ƙarshen zango ka rubuta layi biyar: aikin da ka yi, rana, adadi, matsalar da ta taso da yadda ka warware ta. Ranar da za ka cike takardar neman aiki ko ta tallafin karatu, "mamba a ƙungiyar muhawara" ba ya motsa kowa. "Na shirya gasa tsakanin sassa shida, mahalarta 80, na riƙe kasafinta na kuma gabatar da lissafi" shi ke sa a ɗago kai a dube ka. Masu ganawar ɗaukar aiki suna son tambayar lokacin da ka samu saɓani da abokin aiki, ko lokacin da shiri ya rushe maka. Amsoshin suna cikin wannan fayil. Malamin ƙungiyar kuma, wanda ya ga aikinka da idonsa, shi ya fi dacewa ya rubuta maka wasiƙar shaida, kuma ka nema tun kana makaranta, kafin fuskarka ta ɓace masa cikin ɗaruruwa.

Zango guda kafin ka sauka, ɗauki wani ɗan ajin baya ya riƙa bin ka ofis-ofis, ya san mai makulli, ya san inda ake kai takarda. Ranar miƙa mulki ka ba shi kundin tsarin ƙungiya, rajistar mambobi, bayanan taruka, rahotannin shafi ɗaya da kuka tara, littafin kuɗi da rasitai, samfurin takardar neman izini, da lambobin mutanen da suka taimaka muku. Ku je banki tare a sauya masu sa hannu. Imel da shafukan ƙungiya na Facebook ko Instagram su kasance a kan adireshin ƙungiya, ba a kan lambar wayarka ba, ku kuma zauna tare ya shiga da kalmar sirrin a gabanka, ya sauya ta zuwa wadda shi da sakatarensa suka sani.